Ku Tambayi Masassaƙi: Akushin da Ya Dare Bayan Kwana Biyu, da Sauran Wasiƙu

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan akushi suka zo, kuma yawancin masu rubutowa inji suke tuhuma. Wannan ya ce nasa ƙarami ne, wancan ya ce nasa ya tsufa, wani ma har yana neman in faɗa masa wanda zai saya a madadinsa. Ni dai a iya sanina, injin juyi, wato injin da ke juya itace ana sassaƙa shi, juyawa kawai ya iya. Itacen da aka ɗora masa da bakin ƙarfen da aka kai masa, su ne masu yanke hukunci. Ga waɗanda fili ya ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne, kwanan nan na fara koyon fitar da akushi a injin juyi. An sare wata bishiyar mangwaro, na samu gungume, na fitar da akushi mai faɗin santimita 30, na goge shi har yana ɗaukar ido. Kwana biyu da ajiye shi sai na tarar ya dare daga baki har gindi, da'irar kuma ta koma siffar ƙwai. Girgizar inji ce ta jawo, ko kuwa mangwaro ne ba ya akushi?
*Daga wani kafinta*

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka sakar wa injin nan mara, ɗan'uwa, ba shi da laifi, mangwaro kuma yana akushi mai kyau. Ruwa ne ya yi maka wannan aikin.

Itacen da aka sare jiya cike yake da ruwa, a wasu bishiyoyin ma nauyin ruwan ya kai nauyin busasshen itacen ko ya fi. Ka ɗauki gungume a matsayin tsintsiyar da aka ɗaure tam: dogayen tsinkaye ne jere da juna daga saiwa zuwa reshe, sai dai kowane tsinke da rami a cikinsa. Su ne muke kira jijiyoyin itace. Ruwan da ke cikin ramukan shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman itace ko kaɗan. Sai danshi ya sauko wajen kashi 30 cikin ɗari, ruwan da ke jikin jijiyoyin kansu ya fara tafiya, sannan itace ke fara tsukewa. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba ya tsukewa daidai ta kowace fuska. Ta tsawo kusan ba ya motsi, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Daga ɓawo zuwa cibiya kimanin kashi 4 ne idan ya bushe ƙarau. Ta zagaye kuwa, wato bin zobban nan da kake gani a bakin gungume, kimanin kashi 8 ne, ninki biyu ke nan. Alƙaluman suna ɗan bambanta daga bishiya zuwa bishiya, amma ninkin nan kusan kullum yana nan.

To ka ga zobe yana son ya tsuke ninki biyu na abin da tsakiyarsa ta yarda. Ba shi da wurin zuwa, sai ya yage, kuma daga cibiya yagewar ke tashi. Ba ka faɗa ba, amma ina kyautata zaton cibiyar gungumen tana jikin akushinka, ko a baki ko kusa da shi. Je ka duba inda tsagar ta faro.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin a kunna inji. Ka yanke gungumen ya ɗan fi kaurinsa tsawo, ka raba shi biyu ta tsawo, amma ba yanka ɗaya a tsakiya ba: yanka biyu za ka yi, ɗaya dama da cibiya ɗaya hagu, ka fitar da falle mai kaurin santimita 2 ko 3 wanda cibiyar ke ciki. Kowane ɓari akushi ɗaya ne. Idan ba ranar za ka juya su ba, ka shafe bakunan biyu da narkakken kaki, ko farin gam na kafintoci, ko ragowar fenti, domin ta bakin jijiya ruwa ke gudu, ya ninka na gefe sau goma ko fiye. Baki ya bushe ciki na jiƙe, tsaga ce. Kuma ranar da aka yanke za a shafe, ba jibi ba.

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko ita ce juyi biyu. Ka fitar da akushin yana ɗanye, amma ka bar masa kauri kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa: naka mai santimita 30, ka bar bango mai santimita 3. Wannan kaurin shi ne jarinka, domin idan ya bushe ya koma siffar ƙwai, ya rasa santimita ɗaya ko fiye ta gicciye, akwai sauran naman da za a sake fitar da da'ira daga ciki. Kaurin ya zama ɗaya daga baki har gindi. Sababbin hannu suna barin gindi ya ninka bango kauri saboda tsoron hudawa, sai bango ya bushe ya fara ja, gindi ya ƙi bi, a rabu da tsaga. Ka kashe kaifin leɓen ma, domin siririn gefe shi ke fara bushewa.

Sai ka sa shi a jakar takarda ko kwali, ka ajiye ƙasa-ƙasa a ɗaki mai sanyi, inda rana ba ta kaiwa kuma iska ba ta kaɗawa. Inda iska ta bushe sosai, ka ƙara shafa kaki ko gam a ɓangarori biyun da bakin jijiya ya bayyana. Makon farko ka riƙa leƙawa, idan takardar ta jiƙe ka sauya, kada fumfuna ta kama. Leda ban yarda da ita ba sai na kwana ɗaya ko biyu, ruɓar da itace take yi. Ka ɗora shi a sikeli, ka rubuta nauyi da kwanan wata da fensir a jikinsa, ka riƙa maimaitawa duk mako. Ranar da ka ga mako biyu ko uku sun wuce nauyi bai sauka ba, ya gama. Yakan ɗauki wata uku zuwa shekara, gwargwadon itace da yanayi. Sai ka mayar da shi inji, ka fara da gyara dunduniyar, wato ɗan tudun da aka bari a gindin akushi don mariƙin inji ya kama, tunda ita ma ta karkace, sannan ka fitar da shi na ƙarshe.

Hanya ta biyu ita ce juyi ɗaya. Ka gama shi a zama ɗaya yana ɗanye, ka sirantar da bango zuwa milimita 5 ko 6 ko'ina, ka bar shi ya bushe sannu a hankali a cikin takarda. Siririn bango yana lanƙwasa maimakon ya tsage. Akushin zai fito da ɗan karkace, leɓen ya ɗaga a wuri biyu, gindin kuma sai ka goge shi kafin ya zauna. Wasu na ganin aibi ne. Ni na fi son irinsa, domin ko daga nesa ka san ba daga roba aka zubo shi ba.

Wanda ya riga ya dare kuwa, kada ka cika shi da gam ka mayar da shi inji. Ka ajiye shi ka riƙa zuba ƙusoshi.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Na ɗora katako mai faɗin inci 12, na kunna inji a juyi 1,500 a minti, na kai masa babban cizal ɗin nan mai faɗin baki da ya zo cikin saiti. Ban ankara ba sai na ji an fizge ƙarfen daga hannuna, katakon ya tsinke ya bugi bango. Allah ya kiyaye bai same ni ba, amma tun ranar gabana ke faɗuwa in na tunkari injin. Me ya faru?
*Daga wani ɗalibin makarantar koyon sana'a*

Amsa: Ɗana, Allah ya ƙara kiyayewa. Faɗuwar gaban nan kada ka yi saurin korar ta, tana da amfani. Abu uku suka haɗu maka a lokaci ɗaya, kuma kowanne shi kaɗai ya isa.

Na farko ƙarfen. Babban cizal mai faɗin baki da ke zuwa cikin saiti, na aikin sanda ne, kamar ƙafar tebur, inda jijiyoyin itace ke kwance bin tsawon injin. A akushi jijiyoyin a gicciye suke, don haka duk juyi ɗaya bakin jijiya yana zuwa wa ƙarfe sau biyu, gaba da gaba. Faɗin bakin nan sai ya cafki abin da ya fi ƙarfinsa. Ga shi kuma wutsiyarsa da ke shiga ƙota siririya ce mai faɗi, tana iya lanƙwashewa ko ta karye a hannunka. Kada ya sake kusantar akushi, ko ciki ko waje. Na akushi daban ne: daga dunƙulallen sandan ƙarfe ake fitar da shi, da kwari mai zurfi a tsakiya, kuma da kaurinsa yake shiga ƙota. Mai kaurin rabin inci ko kusa da haka ya ishe ka shekaru.

Na biyu gudu. Wani malamin wannan sana'a Ba'amurke, Dale Nish, ya bar mana lissafi mai sauƙin riƙewa: faɗin katako a inci, a ninka shi da adadin juyi a minti, amsar ta faɗa tsakanin 6,000 da 9,000. Inci 12 ke nan juyi 500 zuwa 750. Kai ka ba shi 1,500, ninkin iyakar sama. A wannan gudun leɓen katakonka yana tafiyar kimanin kilomita 86 a awa, kuma ƙarfin da ke neman cilla shi waje ba ninki biyu yake ƙaruwa ba idan an ninka gudu, ninki huɗu ne. Lissafin Nish ma na katakon da ya riga ya zama da'ira ne, marar tsaga. Wanda yake da kusurwoyi ko gefe ɗaya ya fi nauyi, daga mafi ƙarancin gudu ake farawa, a ƙara kaɗan-kaɗan, da inji ya fara rawa a koma baya.

Na uku riƙo. Ba ka faɗi yadda ka ɗaure shi ba. Ga yadda ya kamata: faifan ƙarfen da ke haɗa katako da inji ya zauna a fuskar da za a raraƙe daga baya, da sukurori masu ƙwari a duk ramukansa, su shiga itace aƙalla santimita 2. Baƙaƙen sukurorin nan na kafa silin ba su dace ba, tsinkewa suke yi farat ɗaya ba su lanƙwasa. Ka turo matokarin baya, wato tsinin da ke ɗaya ƙarshen injin, ya danne katakon, ya zauna nan har sai ya tare maka hanya. Idan ka gama bayan akushin ka fitar masa da dunduniya wadda faɗinta ya kai kusan sulusin faɗin akushin, ka juya shi ka ba mariƙi mai haƙora huɗu. Kafaɗar dunduniyar ce za ta zauna daram a saman haƙoran, ƙasanta kuma kada ya taɓa cikin mariƙin. Idan ya taɓa, akushin a kan tsini yake tsaye, fizga ɗaya ta ishe shi.

Yanzu yadda ake shiga itace. Ƙarfe ya fara zama a kan majingini, wato sandar da ke jikin inji wadda ake ɗora cizal a kai, wannan na ɗaya. Sannan gangaren washi, wato wannan fuskar da dutse ya ci a bayan kaifi, ya shafi itacen ba tare da ya yanka komai ba. Sai ka ɗaga ƙota a hankali har sassaƙe ya fara fitowa. Muddin gangaren nan na kwance a kan itacen da aka riga aka yanka, kaifi yana da abin dogara, ba zai nutse ba. Da ya rabu da itace, ko ka bar kusurwar sama ta bakin ta taɓa, fizga ta zo. Majingini kuma ya matso kusa, tazarar da ba ta wuce santimita ɗaya ba, kuma ba a matsar da shi inji na gudu.

Kafin kowace kunnawa ka juya katakon da hannu ka ga ba ya bugun komai, ka duba tsaga da ɓawon da ya nutse cikin nama, ka tsaya gefe ba saitin juyinsa ba sannan ka danna. Garkuwar fuska gaba ɗaya za ka sa, tabarau kaɗai ba ya tsare haƙori da goshi. Ban da safar hannu, ban da riga mai faɗin hannu, agogo da zobe a aljihu. Ka koma da ƙaramin katako, inci 6, malaminka na tsaye, har hannunka ya dawo.

Tambaya: Malam, duk akushin da na yi sai in ga wuri biyu masu fuskantar juna sun yi kaushi, kamar an ciccije su. Na ƙarar da samfefa a kansu amma da na shafa mai sai su sake bayyana. Akwai samfefar da ta fi wadda nake saye ne?
*Daga wani mai sassaƙa a lokacin hutu*

Amsa: Ba samfefa ce matsalarka ba, dutsen washi ne. Wurare biyun nan su ne inda ƙarfe ke tunkarar bakin jijiya. Kaifi mai kyau yanke su yake yi, dakusasshe kuwa tumɓuke su yake yi daga ƙasa, ya bar ƙananan ramuka masu zurfi. Samfefa saman take lasa, mai kuma ya shiga ramin ya yi duhu ya tona asiri.

Mutane ba sa lura da irin tafiyar da bakin cizal ke yi. Akushi mai faɗin santimita 30 a juyi 700, leɓensa na wuce ƙarfe da kimanin mita 660 a minti. Minti goma ke nan bakin ya ratsa itace na sama da kilomita 6. Wace wuƙa ce za ta yi haka ta ci gaba da kaifi? Shi ya sa masu wannan aikin ke ajiye injin washi taku ɗaya daga injin juyi. Alama a bayyane take: ɗanyen itace ya daina ba ka dogon sassaƙe ya koma gutsi-gutsi, ko ka ji kana turawa da ƙarfi, to lokaci ya yi. Taɓawa ce ta 'yan daƙiƙu, ba niƙa ba. Kusurwar baki tsakanin digiri 45 da 60 duk tana aiki, mai 60 ta fi iya bin gindin akushi mai zurfi. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne ka riƙa samun kusurwa ɗaya kullum, hannu ya saba da ita. Idan cizal ɗinka na tsohon ƙarfe ne, kada ka bari bakin ya yi shuɗi a dutse, taurinsa ya tafi ke nan. Na zamani da aka rubuta wa HSS yana jure zafi, amma shi kuma kada ka tsoma shi a ruwa yana da zafi, ka bar shi ya huce da kansa.

Sai alƙibla. A bayan akushi daga gindi ake tafiya zuwa leɓe, a cikinsa kuma daga leɓe zuwa tsakiya. Ta haka kowace jijiyar da kake yankewa tana da wata doguwa a ƙarƙashinta da ta tallafe ta. Ka juya alƙibla, ka ɗaga su. Kafin yankan ƙarshe ka wasa ƙarfe ko da kana jin yana da kaifi, ka ɗauki abu siriri ƙwarai, ka tafi a hankali. Idan wurin ya nace, ka shafa masa ɗan mai irin wanda za ka gama da shi, ya jiƙa, ka sake bi.

Samfefa daga nan take shigowa, kuma bi da bi, daga mai kaushi zuwa mai laushi: lamba 80 idan dole, sannan 120, 180, 240, 320, ba tsallake. Ka cire majingini, ka rage gudu, kada ka danna har itace ya yi zafi, domin zafi na buɗe ƙananan tsaga a bakin jijiya. Wuraren nan biyu ka kashe inji ka bi su da hannu.

Tunda zancen ya zo nan: garin da samfefa ke tayarwa ya fi sassaƙe illa nesa ba kusa ba. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 1995 ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga mutum, musamman ta kogon hanci. Ka sa takunkumi mai tace ƙura wanda ke kama fuska sosai, ƙyalle a hanci bai wadatar ba.

Tambaya: Malam, ina wuni. An ba ni kyautar akushin katako na hannu, ina shafa masa man girki don kada ya bushe. Yanzu ya fara wani wari kuma yana danƙo. Ya lalace ke nan?
*Daga wata uwargida*

Amsa: Lafiya lau, Malama, kuma bai lalace ba. Man girki ba ya bushewa a jikin itace, tsami yake yi, warin da danƙon ke nan. Ki wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ki goge nan take, ki maimaita kwana biyu ko uku. Idan danƙon ya ƙi, a bi shi da samfefa mai laushi.

Bayan ya bushe ki nemi man farafin mai kauri na kantin magani, wanda ake sha, ba kananzir ba. Ba shi da wari kuma ba ya tsami. In kin narka kakin zuma kashi ɗaya cikin man kashi huɗu, ya fi daɗewa. Aibinsa ɗaya, wanki na cire shi, don haka duk lokacin da akushin ya yi fari-fari sai ki sabunta. Kada ki jiƙa shi cikin ruwa ya kwana, kada ki shanya shi a rana ko kusa da wuta, kada kuma ya shiga injin wanke kwanoni.

Ga masu yin akushin kuma, akwai mayukan da ke daskarewa a cikin itace, kamar tsantsar man tung da ɗanyen man linsid, waɗanda ake tatsowa daga ƙwayar tsirrai. Sun fi ƙarko, sai dai suna son kusan wata guda kafin a zuba abinci. Linsid ɗin kanti da aka rubuta wa dafaffe yawanci da sinadaran busarwa na ƙarfe a ciki, ni ba na kai shi abin cin abinci. Tsumman da aka goge irin waɗannan mayukan da shi kuma yana iya kama wuta da kansa idan an dunƙule shi an yar, a baza shi a waje ya bushe ko a nutsar da shi a ruwa. Katakon da aka yi wa feshin maganin gara, komai kyansa, ba na akushi ba ne.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina sha'awar wannan sana'a amma ba ni da halin sayen inji, kuma inda nake aiki babu lantarki. In haƙura?
*Daga wani matashi*

Amsa: Haƙuri da me? An yi shekara dubbai ana juya itace kafin a san lantarki. A kabarin Petosiris da ke Tuna el-Gebel a Masar, na wajen shekara 300 kafin Miladiyya, akwai zanen mutum biyu suna wannan aiki, ɗaya na jan igiya ɗaya na riƙe da ƙarfe. A birnin York na Ingila, haƙar da aka yi a unguwar Coppergate daga 1976 zuwa 1981 ta fito da akusa da guntayen tsakiyarsu da masu juyi na zamanin Vikings, wato mayaƙan ruwan nan na arewacin Turai, suka zubar kimanin shekara dubu da ta wuce. Jirgin yaƙin Mary Rose da ya nutse a 1545, aka ɗago shi a 1982, an sami akusan matuƙansa a ciki, wasu da alamar da masu su suka zana. Duk da ƙarfin ƙafa ko hannu aka yi su.

Injin ƙafa da kanka za ka haɗa. Katako biyu masu nauyi a kwance, turaku biyu a tsakaninsu, kowanne da tsinin ƙarfe, tsinayen na kallon juna. A sama doguwar sanda mai lanƙwasa wajen mita 4, a ƙasa mataki. Igiya ta sauko daga kan sandar, ta naɗe wani gajeren sanda mai ƙusoshi da aka buga a tsakiyar itacen da za a juya, ta wuce zuwa mataki. Ka taka, itace ya juyo wajenka, ka yanka. Ka ɗaga ƙafa, sandar sama ta ja igiya ya koma baya, kai kuma ka ɗan janye ƙarfe. Inda babu wurin doguwar sanda, igiyar roba mai ƙarfi tana yin aikin.

Ƙarfensa ba cizal ɗin kanti ba ne, doguwar sanda ce mai baki kamar ƙugiya, kuma kowane maƙeri mai hannu zai fitar maka da ita daga tsohon sifirin mota idan ka zana masa. Ɗanyen itace kaɗai ake ba shi, kuma sai ka sassaƙe shi da gatari ya kusa siffar akushi tukuna, don ƙafarka ce injin, duk abin da gatari bai cire ba cinyarka ce za ta biya. Ana raraƙe ciki a bar ginshiƙi a tsakiya, a sirantar da gindinsa, a ƙarshe a ɓalle shi a share wurin da wuƙa mai lanƙwasa. George Lailey na Bucklebury, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe a Ingila da ya ci abinci da wannan hanyar a matsayin gado, har rasuwarsa a 1958 yana fitar da akusa da yawa daga dunƙule ɗaya, ƙarami daga cikin babba. Injinsa na nan a gidan tarihin rayuwar karkara da ke Reading, kuma daga kallonsa ne wasu suka farfaɗo da sana'ar bayan shekaru.

Gudunsa kaɗan ne, don haka haɗarinsa ma kaɗan ne, ba ƙara ba ƙura. Kuma dakusasshen ƙarfe ba ya ɓuya a kansa, ƙarfin lantarki ba ya nan balle ya rufa masa asiri. Wanda ya fara da shi, ranar da ya samu na lantarki ya riga ya iya washi.

Tambaya: Malam, ina cikin share cikin akushi sai haske ya bayyana a gindi, na huda shi. Yaya ake sanin inda za a tsaya?
*Daga wata ɗaliba*

Amsa: 'Yata, da awo, ido ba ya ganin wannan. Kafin ki fara raraka, ki auna tsayin akushin daga leɓe zuwa inda gindi zai ƙare bayan an cire dunduniya, ki debe kaurin da kike so, ki naɗa salatif a jikin bakin dirila daidai wannan zurfin, ki huda tsakiya. Ramin ya ƙare, ke ma kin kusa tsayawa. Tsakanin yanka da yanka ki kashe inji, ki gitta miƙaƙƙiyar sanda a leɓe ki saukar da rula, bango kuma ki matse shi tsakanin yatsu biyu ko ki sa ma'aunin kauri mai ƙafa biyu. Ki gama santimita 2 ko 3 na sama gaba ɗaya kafin ki nutsa, kada ki dawo musu, domin da an cire naman tsakiya leɓe ya fara motsi. Kuma ki bar rarar milimita 2 ko 3 a gindi, saboda idan kin juya shi don cire dunduniya za ki ɗan kwarfe ƙasan ya lotsa ciki, yadda akushin zai zauna a kan zobensa ba ya rawa a tebur.